Zaman bitar ayyukan gyaran unguwarmu

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Mai unguwa ya ce a sanar da ku za mu zauna ranar Lahadi bayan sallar La'asar a ƙofar gidansa. Bara mun zauna da kansilanmu muka tsayar da buƙatu uku: yashe magudanar da ke gangarawa rafin Jakara, samun wurin zuba shara, da hana masu gini cin hanya. Yanzu za mu duba me aka yi, me ya rage.

Ni dai magudanar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Rabinta har yanzu cike yake da yashi da leda, kuma duk mun ga yadda ruwan Agusta ya shiga ɗakunan mutanen gangare. Ledar nan kuwa daga gidajenmu ta fito, wannan ma sai mun faɗa wa juna gaskiya a kai.

Kowane lungu ya turo wakili ɗaya da rubutaccen bayani da hotuna. Za mu ware ƙorafin: kwashe shara na REMASAB ne, wato hukumar kwashe shara ta jihar Kano, izinin gini na KNUPDA, wato hukumar tsara birane, sauran mu miƙa wa ƙaramar hukuma ta hannun kansila. Iyayenmu mata da ba za su samu fitowa ba, ku turo saƙon murya nan, za a saurara a wurin.

Kowane gida naira 500 na hayar kujeru da buga takardu, a ba ma'aji kafin Juma'a.

Allah ya bar zumunci.
Sakataren ƙungiya