Wasiƙa ga Yaya daga Maynooth, ƙasar Ailan

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara. Yaya jikin Baba? Ni nan lafiya lau, sai ɗan sanyi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya rufa kamar an yi isha'i. An saba.

Na turo Yuro 400 ranar Litinin. In ka canja, ka ware na maganin Baba tukuna, wata biyu gaba ɗaya, sannan buhun shinkafa da na masara. Abin da ya rage ka riƙe a wurinka. Kada ka ba Auta ko sisi a hannunsa. In yana da wata bukata ta gaskiya, kai ka je ka biya da kanka.

Goggo ta turo mini saƙon murya, na saurara sau uku, daren nan ban runtsa ba. Wai Auta ya karɓi kuɗi a wurin wani ɗan kasuwa, ya sa hannu a takarda cewa in ta Allah ta kasance ga Baba, rabonsa na gonar fadama ya zama na mutumin. Wai kuma kuɗin cacar ƙwallo ta waya ce ta cinye su. Baba yana kwance a ɗaki yana numfashi, ana cinikin gadonsa a bakin kasuwa! Yaya, kai ma ka ji ka ɓoye mini ne?

Abin da ya sa hankalina ya tashi haka, labarin gidan sarautar garin nan ne da nake jin sa kusan kullum. Akwai wani tsoho a cikin waɗanda nake kula da su, ya haura tamanin. Da safe in ina yi masa aski ba ya da hira sai ta zuriyar FitzGerald, har sai na ce ya tsaya da magana kada in yanke shi. Garin kansa nasu ne a da. Babban titi ɗaya ne, a ƙarshensa ɗaya kangon ganuwarsu yake, a ɗaya ƙarshen kuma doguwar hanya ce mai itatuwa jere da take kai mutum gidansu, Carton. Ran Lahadi nakan bi ta in miƙe ƙafa.

Kakanninsu sun shigo Ailan da yaƙi tun wajen 1169. A 1316 Sarkin Ingila ya ba su sarautar Earl na Kildare, a 1766 kuma aka ɗaga su zuwa Duke na Leinster, wadda babu sarautar da ta fi ta girma a tsibirin. Ginin da majalisar ƙasar take zama a ciki yau a Dablin, gidansu ne na birni, har yanzu Leinster House ake kiransa. Ka ga irin gidan da nake nufi.

To, ga yadda ya tafi. 'Yan'uwa uku ne maza. Babban, Maurice, shi ne Duke na shida, ya gaji sarauta yana yaro, daga baya ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi aka ajiye shi a wani asibiti a Edinbara. Na tsakiya, Desmond, soja ne, ya mutu a Faransa a 1916 lokacin yaƙin duniya na farko. Sai autansu Edward, ɗan caca da son bushasha. Bashi ya yi masa katutu, fam 67,500 a wancan zamani. Sai ya je wurin wani attajiri mai suna Harry Mallaby-Deeley suka yi yarjejeniya: attajirin ya biya bashin, shi kuma in har sarauta ta faɗo kansa, duk abin da dukiyar gidan za ta kawo muddin yana raye na attajirin ne. Lissafin Edward shi ne wansa Maurice matashi ne, zai daɗe. A 1922 wan ya rasu bai yi aure ba. Edward ya wayi gari shi ne Duke na bakwai, ga rawani babu ko gona ɗaya da zai ci amfaninta. Ya yi shekara hamsin da huɗu a haka, aure huɗu, bashi kan bashi, har ya mutu a 1976 a wani ɗan ɗakin haya a Landan. Carton kuwa tun 1949 aka sayar da shi. Yau otal ne, masu kuɗi suna buga ƙwallon golf a filin.

In tsohon ya zo nan yakan yi dariya har haƙoran robarsa su motsa. Ni da ma ina taya shi. Tun da saƙon Goggo ya zo na daina.

Sarautar dai tana nan, don ita ba a sayar da ita. Namiji kaɗai take bi, babba kafin ƙarami, mace ba ta gadonta ko ita kaɗai ce 'ya. Wanda yake riƙe da ita tun 2004 a Ingila yake zaune, sana'arsa tsara lambu. Ɗansa namiji tilo ya mutu a haɗarin mota a 1997, saboda haka ɗan ƙanensa ne mai jiran gado. Kuma a nan ba ta da iko ko na mai unguwa, tsarin mulkinsu na 1937 ma ya hana gwamnati ba kowa irin wannan sarauta. Duk da haka sai da wani Ba'amurke daga Kalifoniya ya taso yana cewa Desmond bai mutu a 1916 ba, ɓuya ya yi ya tsallaka Amurka, shi kuma jikansa ne. Aka yi ta takardu har aka yi watsi da da'awarsa a 2007. Sarautar da babu ko akuya a bayanta ke nan. Ina ga fadamar da take ba mu albasa da tumatir duk rani?

Amma kada ka tari Auta da faɗa tukuna. Su ma FitzGerald ɗin jita-jita ta taɓa kusan ƙarar da su. A 1534 wani saurayinsu, Thomas, ya ji an ce Sarki Henry na takwas ya kashe ubansa a Landan, alhali uban yana raye a kurkuku. Ya ɗauki makami, aka ci ganuwar Maynooth da igwa, a 1537 aka kashe shi tare da baffanninsa biyar. Ƙanensa ɗan yaro ne aka gudu da shi, ta kansa gidan ya ci gaba. Kuma ka san Goggo, in ta ga kaza sai ta ce jimina. Ka je wurin ɗan kasuwar da kanka, ka ɗauki Kawu, ku nemi ganin takardar da idonku. In gaskiya ce, ku tafi wurin Liman, don a iya sanina ba a sayar da gadon wanda yake raye, kuma a cikin gonar nan akwai tumunin Inna da rabon 'yan'uwanmu mata. Ku tambayi nawa ya karɓa daidai, ka rubuto mini. Zan biya, ko da wata uku zai ɗauke ni, amma a yaga takardar a gabanku. Kada Baba ya ji. Kada Inna ta ji.

Na san za a ce ni na lalata shi. Ni na saya masa wayar, ni nake turo masa na kati duk sanda ya yi kuka, don ina jin kunyar shekara shida ban taka gida ba. Na yarda. Amma ku da kuke gida ɗaya da shi fa, ba wanda ya lura yana kwana a kan waya?

Aiki dai alhamdu lillahi. Na ci jarrabawar da na gaya maka, an ƙara mini ɗan abu a kan awa, yanzu har sababbi ake haɗa ni da su in koya musu. Kuɗin haya ne kawai yake cin rabin albashi, mu uku ne a gidan, amma kada Inna ta damu, ina cin abinci sosai. Garin kuka da daddawar da aka aiko sun kusa ƙarewa, in an sami mai zuwa.

Ka tuna, maganin Baba wata biyu, kuma kada kuɗi ya shiga hannun Auta. Ka kira ni ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku, ina hutu. Ka gaida Inna, ka gaida matarka da yara, ka riƙe wa Baba wayar a kunne in ji muryarsa ko da ba zai iya amsawa ba.

Naka,
Ƙanenka