Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da manhajar naɗar allon kwamfuta

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa, ni malamin kwamfuta ne a Kano. Ina naɗar darussan Excel ina tura wa ɗalibaina ta WhatsApp. Na sayi manhajarku, da dala kuwa, saboda sauƙinta wajen yanke bidiyo da gyara murya.

Kukana shi ne, da MP4 kaɗai manhajarku take adana bidiyo. Kun fi ni sanin halin MP4: sai an danna maɓallin tsayawa sannan ake rubuta bayanin da ke nuna inda hoto da sauti suke a cikin fayil. In aka ɗauke wuta kafin nan, fayil na nan da nauyinsa, amma ba ya buɗuwa. Kwamfutata ta tebur ce, ba ta da batir. Makon jiya ina dab da kammala darasin VLOOKUP, wata dabarar neman bayani a Excel, fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi. Da wuta ta dawo, ko VLC, manhajar kallon bidiyo, ta ƙi buɗe abin da na naɗa, ga muryata har ta dushe, ga ɗalibai na jira.

Kuma maganin ba ɓoyayye ba ne. OBS Studio, wata manhajar naɗar allo wadda ake rabawa kyauta tun 2012, tana naɗa da MKV, wani nau'in fayil ɗin bidiyo. Ko wuta ta katse, abin da aka riga aka ɗauka yana nan, daga baya a mayar da shi MP4 nan take. Abin da ta kyauta ta iya, me ya hana ta kuɗi?

Da na kai ƙara sashenku na kula da masu saye, amsar da aka ba ni ita ce in sayi UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in aka ɗauke wuta. Wallahi wannan amsa ta fi asarar darasin ƙona mini rai. Kun karɓi kuɗinmu kuna sane da yadda wutar lantarki take a ƙasar nan.

Ga kuma batun lasisi: da zarar data ta ƙare, manhajar ta kasa tantance ni, sai ta manna tambarinku a tsakiyar bidiyo kamar ban biya ko sisi ba.

Ina roƙonku ku saka MKV cikin zaɓin adanawa, ku bar lasisi ya yi aiki ba tare da intanet ba. In ba za ku iya ba, ku mayar mini da kuɗina kafin ƙarshen watan nan, kuma ku rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a inda kuke tallarta, don wani malamin ya sani kafin ya biya.

Naku,
Wani malamin kwamfuta, Kano