Maganin ciwon damuwa da dangin mofin: a yi hattara da tramol

Edita, assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi bayani kan wani batu da ake yi wa gurguwar fahimta.

An daɗe ana cewa maganin ciwon damuwa sinadarin sirotonin na ƙwaƙwalwa kaɗai yake ɗagawa. Abin ya wuce nan. Ƙwaƙwalwa tana da nata sinadarai masu kama da mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, irin su endofin, da ƙofofi uku da suke shiga: miyu, delta da kafa. Buɗe miyu kan kawo sauƙi da walwala, ƙofar kafa kuwa ƙunci take jawowa.

A 2018 likitoci a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada ko ta waɗannan ƙofofin ne ketamin, maganin sa barci na tiyata, yake rage damuwa. Suka ba masu damuwar da ta ƙi jin magani ƙwayar naltirekson miligiram 50, wadda ke toshe ƙofofin, minti 45 kafin a saka musu ketamin ta jijiya, rabin miligiram kan kowane kilo na nauyin jiki. Mayen ketamin ya zo yadda aka saba, amma sauƙin damuwar ya ragu ƙwarai. Mutum 12 ne kacal suka kammala gwajin, don haka ba a yanke hukunci da shi ba tukuna. Tiyanebtin, wani maganin damuwa da ake sayarwa a Faransa da sunan Stablon, sai a 2014 aka gano ƙofar miyu yake buɗewa, kuma shi ma yana kama jiki.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne kada wani ya ji wannan ya ɗauka tramol ko kodin maganin damuwa ne. Sauƙinsu na 'yan sa'o'i ne, jiki ya saba, a ƙara yawa, ranar da aka rasa kuma ƙuncin ya ninka.

Haɗa su da maganin damuwa ya fi haɗari. Sai hanta ta sarrafa tramol da kodin kafin su kashe ciwo sosai, maganin damuwa fuloksetin, wato Prozac, kuma yana danne sinadarin hantar da ke wannan aikin. Sai ciwo ya ƙi tafiya, mutum ya ƙara ƙwaya, tramol ya taru a jini. Shi kansa tramol yana ɗaga sirotonin kamar maganin damuwar, idan ya yi yawa sai a ga makyarkyata, gumi, zazzaɓi, bugun zuciya da fizgar tsoka, wani lokaci har jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya ga haka a kai shi asibiti nan take, a tafi da kwalayen duk abin da ya sha.

Naku,
Wasu masu harhaɗa magunguna