Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga dattijon da ya yi tambaya kan ɗaurewar jijiya

Assalamu alaikum, Baba.

A taron wayar da kai kan lafiya da aka yi a unguwarku, kun miƙe gaban jama'a kuka tambaye ni me ke sa jijiyar sha-raɓarku take ɗaurewa da tsakar dare har ta tashe ku daga barci. Kun ce wasu sun ce rashin ruwa da gishiri ne, wani kuma ya ba ku shawarar shan kwinin, shi ne kuke so ku ji abin da masana suka gano. Lokaci ya ƙure ban gamsar da ku ba, kuma na ga yadda dattawa da yawa suka riƙa gyaɗa kai, alamar abin ya shafe su.

Maganar ruwa da gishiri tana da tushe. A shekarun 1920 likitocin Ingila sun lura masu haƙar kwal a ramuka masu zafi suna fama da wannan ɗaurewa bayan sun sha gumi. A shekarun 1930 ma an ga haka ga leburorin da suka gina madatsar ruwa ta Hoover a Amurka, aka kuma ga gishiri yana taimaka musu. Mu nan mun san mai amai da gudawa ƙafafunsa kan ɗaure, kuma ruwan gishiri da sukari ne ke ceto shi. Don haka manomin da ya wuni yana huɗa cikin rana, ko ɗan dako a kasuwa, yana da dalilin kula da abin da yake sha.

Sai dai bayanin bai tsaya nan ba. A 1997 Farfesa Martin Schwellnus na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ya kawo wata fahimta dabam. Shi da abokan aikinsa sun auna jinin masu gudun dogon zango na kilomita 56, waɗanda ƙafarsu ta ɗaure da waɗanda ba ta ɗaure ba, ba su sami wani bambanci na a zo a gani ba a yawan gishirin jini ko ruwan da suka rasa. Ya ce matsalar tana wajen jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin laka da tsoka. Cikin tsoka akwai masu cewa "matse", a agara kuma akwai masu cewa "saki". Idan tsoka ta gaji, musamman tana a takure, masu cewa "matse" sai su rinjayi masu cewa "saki", tsokar ta dunƙule ta ƙi kwancewa. Da gishirin jini ne kaɗai sanadi, ai da duk jiki zai ɗauka, ba tsokar da ta fi shan aiki ba.

Wannan bayanin ya fi kwanta mini game da naku, Baba, domin ba gumi kuke yi a kan gado ba. Mai barci yakan miƙe tafin ƙafarsa, yatsun su kalli ƙasa, bargo kuma ya ƙara danne su. A haka sha-raɓa take kwana a takure, motsi kaɗan ya ishe ta kamawa.

Akwai wani gwaji da ke ƙarfafa wannan. A 2010 Kevin Miller da abokansa a Amurka sun jawo ɗaurewar da lantarki a ƙafar wasu samari, suka ba su kurɓin ruwan tsamin da ake jiƙa kokwamba a ciki. Cikin kimanin minti ɗaya da rabi ta saki, alhali ruwan bai isa ya bar ciki ya shiga jini ba. Suka ce mai yiwuwa tsamin ne ya taɓa jijiyoyin maƙogwaro, saƙo ya isa laka. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, don haka ba na kafa hukunci da shi.

Kwinin kuwa, don Allah ku bar shi. Gaskiya ne yana ɗan rage yawan ɗaurewar, amma yana iya karya ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ya rikita bugun zuciya, ya taɓa ji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da shi barkatai don wannan ciwo tun 1994, ta sake yin gargaɗi a 2006 da 2010. Magani ne na zazzaɓin cizon sauro, a hannun likita, kuma yana damuna ƙwarai yadda ake miƙa wa tsofaffi shi a kemis ba tare da an tambayi lafiyar zuciyarsu ba. Ƙwayar maganiziyam ma, bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci tana tace shi, ta yi a 2020 ta nuna da wuya ta amfani masu manyan shekaru. Ku adana kuɗinku.

Idan ta kama ku, ku miƙe gwiwa, ku kamo yatsun ƙafar ku jawo su wajen ƙauri, ku riƙe har ta saki. In hannu ba ya kaiwa, ku zarga rawani ko tawul a tafin ƙafar ku ja, ko ku sauko ku taka ƙasa da dunduniya. Kafin kwanciya kuma ku dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya a ƙasa, ku karkata gaba har ku ji sha-raɓa ta ja. A wani bincike na ƙasar Holan a 2012, mutanen da suka haura shekara 55 sun yi irin wannan miƙewa kowane dare na mako 6, ɗaurewar ta ragu, zafinta ma ya ragu. Ku kuma sassauta bargo ta wajen ƙafa.

Amma in ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko kuna jin ta mutu ko ta yi rauni, ko ciwon yana zuwa in kun yi tafiya ya lafa in kun tsaya, ku je asibiti ba da jinkiri ba. Haka in kuna da ciwon sukari ko na ƙoda. Ku tafi da duk magungunan da kuke sha a leda, domin wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari da wasu na asma suna iya jawo ɗaurewar, likita kuma zai iya sauya muku.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Ɗanku, ma'aikacin lafiya.