Mamana, kafin ki manna hotonki a bango

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Mahaifiyarki ta shaida mini cewa matan unguwarku a can Atlanta suna so ki tsaya takarar kujerar hukumar makarantu, kin kuma ce ba za ki amsa musu ba sai kin ji ta bakina. Allah ya yi miki albarka. Tunda maigidanki ya yarda, ni ma na yarda. Sai dai akwai maganar da ba ta waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuto miki.

Na sha jin wasu 'yan'uwanmu da suka je can suna yi wa baƙaƙen fatar Amurka kallon raini, wai ba su da himma. Kada wannan magana ta taɓa fitowa daga bakinki, kada kuma a yi ta a gabanki ki yi shiru. Dokar da ta tabbatar wa baƙar fata damar zaɓe a kudancin ƙasar a 1965 aka yi ta, kuma a shekarar ne aka sauya dokar shige da fice wadda ta buɗe wa irinmu ƙofa. Iyayen mutanen nan da kakanninsu ne suka sha duka kafin a kai ga haka, mata kuwa suna sahun gaba.

Ki nemi labarin Fannie Lou Hamer ki karanta da kyau. Ita ce auta cikin 'ya'ya 20, ta tashi tana tsinkar auduga a jihar Misisipi, a gonar wani farar fata, ana noman kashi-mu-raba. A watan Agusta na 1962 ta je garin Indianola neman a yi mata rajistar zaɓe. Da ta dawo, mai gonar da take aiki a lokacin ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gona, bayan shekara 18 tana yi masa aiki. A daren ta fita. A 1963 'yan sanda suka tsare ta a garin Winona, suka sa wasu fursunoni biyu suka yi ta jibgarta da kulki har ƙodarta ta lalace, ba ta kuma warke ba har ta rasu a 1977. Matar nan da ba ta yi nisa a karatu ba, ita ce ta zauna gaban kwamitin babban taron jam'iyyar Dimokurat a 1964 ta faɗi abin da aka yi mata. Shugaba Johnson ya yi wuf ya kira 'yan jarida don a ɗauke kyamara daga kanta, amma da dare gidajen talabijin suka saka jawabin, ƙasa duka ta ji. Duk sanda na tuna ta sai Hajiya Gambo Sawaba ta faɗo mini a rai, wadda aka yi ta ɗaurewa a zamanin NEPU alhali mu nan Arewa matanmu ba su da ko ikon kaɗa ƙuri'a.

Amma wadda na fi so ki yi koyi da ita ko takara ba ta tsaya ba. Lokacin da baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin bas a birnin Montgomery saboda wariyar launin fata daga Disamba 1955, kwana 381 suka yi. Kowa ya san sunan Rosa Parks da na Martin Luther King. To, mutum dubbai da za su je aiki kullum, wa ya zuba mai a motocin da ke kai su? Cikin masu wannan hidima akwai wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore. Ta tara mata suna soya kaji suna gasa kek suna sayarwa a coci da shagunan gyaran gashi, ta kawo kuɗin wurin taro ta miƙa. Ba ta faɗin sunan waɗanda suka taimaka, domin da yawansu aikatau suke yi a gidajen fararen fata, in aka sani za a kore su. Ita kanta ta rasa aikinta bayan ta ba da shaida a kotu, sai ta ci gaba da girki a gidanta. A wurina wannan shugabanci ne cikakke: ta san abin da jama'arta ke iyawa, ta kuma rufa musu asiri.

Don haka kafin ki buga hoto ki manna a bango, ki shiga gida-gida. Ki zauna da uwar da ke aikin dare a asibiti, ki ji ƙarfe nawa motar makaranta ke zuwa ɗaukar ɗanta da abin da yake ci da rana. Ki riƙa zuwa zaman hukumar nan da kike nema, ki zauna a baya ki saurara har ki gane yadda ake kasafta kuɗi. Kada ki tsaya ga matan masallacinku kaɗai. Ki je wurin tsofaffin matan coci na unguwar, ki gaishe su yadda muka koya miki gaida manya, domin sun daɗe suna wannan aiki tun ba ki san hanyar ƙasar ba. Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da aka zaɓa zuwa Majalisar Wakilan Amurka, a 1968, 'yar baƙi ce kamar 'ya'yanki, iyayenta daga yankin Karibiyan suka zo. Malamar ƙananan yara ce, ta kuma yi shekaru tana hidimar jam'iyya a unguwarsu ta Brooklyn kafin a ba ta kujera.

Maganar kuɗi kuma, ki bi a hankali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gara dala goma-goma daga hannun iyayen yara da dubbai daga hannun ɗan kwangilar da ke hangen aikin makaranta. Ki rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita.

Za a iya kayar da ke, ki sa wannan a ranki tun yanzu. A jiharku ta Jojiya Stacey Abrams ta faɗi zaɓen gwamna a 2018 da tazarar ƙuri'a kusan 55,000, ta koma ta ci gaba da aikin sa mutane su yi rajista. A 2020 ƙasa da ƙuri'a 12,000 ce ta raba gardama a zaɓen shugaban ƙasa a jihar. Za a kuma yi magana kan hijabinki da yadda kike furta Turanci. Ki amsa da ladabi, ki mayar da zancen kan makaranta.

Ki tsara da maigidanki yadda karatun yara na Islamiyya ba zai tsaya ba in hidima ta yi yawa. Ki aiko mini da ranar zaɓen, zan sa a yi sauka a gida. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki shafa mini kan jikokina.

Ni ne mahaifinki.