Takin feshi ya gyara mini gwaiba, amma a koya mana awo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka saboda 'yan uwana masu lambu a kewayen Kumasi.

Ni tela ne a Aboabo, amma ina da ɗan fili a bayan Ejisu, wanda marigayi mahaifina ya roƙa wajen sarkin ƙauyen tun muna yara. Itacen gwaiba 32 ne a ciki. Shekara uku da suka wuce suka fara tayar mini da hankali. Sabon toho sai ya fito da ganye ƙanana sirara, tsakanin jijiyoyin ya yi rawaya. Fure ya fito ya kakkaɓe, 'ya'yan da suka tsaya kuma wasu su tsage tun ba su nuna ba. Hajiyar da ke sara a wajena ta kai kasuwar Kejetia ta juya kwando, ta ɗaga guda ɗaya ta ce, "Malam, wannan karon sai ka yi haƙuri ka rage mini."

Na je wani shagon kayan gona, aka miƙo mini takin feshi na ruwa a gora marar takarda, aka ce in zuba murfi uku. Son ganin amfani da wuri ya sa na zuba biyar, na kuma yi feshin bayan azahar, rana na tsakiyar dukanta. Kwana biyu gefen ganyen itace shida ya ƙone ƙurmus. Laifina ne rabi, ban musa ba. To amma wanda ya sayar mini bai san abin da ke cikin gorar ba, balle ni.

Wani malamin gona ne Allah ya haɗa ni da shi, ya duba ganyen ya ce yunwar zinki ce da boron, wasu sinadaran abincin tsirrai. Itace ba ya buƙatarsu da yawa, amma in babu su ganye ba ya buɗewa, fure ba ya kamawa. Ruwan da muke samu daga Afrilu zuwa Yuli, da na Satumba zuwa Nuwamba, yana wanke boron daga ƙasa. Shi ya sa ake bi ta ganye, don itacen ya sha kai tsaye.

Awon da ya ba ni shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gishirin zinki kada ya wuce giram 5 a litar ruwa, wato giram 75 a famfon goyo mai lita 15. Boras kuwa, wato gishirin boron, giram 2 zuwa 3 a lita, kuma a nan ne ya ja mini kunne sosai, domin tsakanin boron mai gyara da boron mai ƙona itace tazarar ba ta da yawa. Ko yuriya da muka raina haka take. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 abinci ce ga ganye, amma a Indiya in sun kai ta kashi 10 ko fiye, da gangan suke yi don furen gwaiba ya zube a lokacin da ba sa son ta yi 'ya'ya. Na sayi ƙaramin sikeli, na daina awo da murfi. Feshin da sassafe ne ko da la'asar sakaliya, a jiƙa bayan ganyen, kuma in hadari ya haɗu a bari. Sau biyu nake yi: in sabon toho ya fito kafin fure, sai kuma in 'ya'ya sun kama.

A kakar da ta biyo, ganye ya faɗaɗa ya yi kore shar, tsagewa ta ragu ƙwarai, gwaibar ta cika hannu, zaƙinta ma ya ƙaru. Hajiya ba ta sake neman ragi ba.

Sai dai kada a ruɗi mutane. Feshi ba ya tsaya wa takin ƙasa, har yau ina zuba kashin kaji a gindin kowane itace. Ba ya kuma hana tsutsa. Wannan aikin ƙudan 'ya'yan itacen nan ne da aka gano a Gana a 2005, wanda ke huda fata ya ajiye ƙwai. Maganinsa tarko ne, da tsince duk wadda ta faɗi a ƙulle a baƙar leda a bar ta a rana.

Dokar tsirrai da taki ta 2010 ta ce sai an yi wa taki rajista kafin a sayar. Ina roƙon hukumar PPRSD, mai kula da kare tsirrai da ingancin taki, ta riƙa leƙa shagunan da ke ɗura shi a gorar ruwa. Cibiyar binciken ƙasa tana Kwadaso, ta amfanin gona tana Fumesua, a kan hanyar da nake bi zuwa lambuna. Da malami ɗaya daga cikinsu zai shigo rediyo ko ya zo unguwar Asawase ya yi bayanin awon nan da Hausa kafin ruwan Afrilu ya sauka, ni zan kawo famfona da sikelina a gwada a gaban jama'a.

Naka,
Wani mai lambun gwaiba,
Aboabo, Kumasi