A ba mu fili mu riƙa faɗa wa juna abin da muke karantawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni tela ne a Tudun Wadan Zariya, shekarata ashirin da shida ke nan a kan keke, kuma akwai wani roƙo da na daɗe ina juyawa a raina. Amma bari in fara da labarin akwatina, don daga gare shi maganar ta taso.

A ƙarƙashin teburin da nake yanka akwai wani akwatin ƙarfe, irin wanda 'yan makarantar kwana ke tafiya da shi. Littattafai ne a ciki. Ranar Juma'ar da ta wuce na ƙirga su, sittin da uku. Wasu ni na saya, wasu na gada daga yayana, Allah Ya jiƙansa, wasu kuma masu kawo ɗinki ne suka bar mini. Da farko don kaina na ajiye su, saboda in an ɗauke wuta, hasken shago bai isa a yi surfani ba, sai in jawo ɗaya in fita bakin ƙofa in duba. A hankali masu jiran ɗinki suka fara miƙa hannu. Kowa ya san zaman jiran tela, balle a goman ƙarshe na azumi. Mutum ya karanta shafi biyu ko uku, in kira shi ya gwada rigarsa, sai ya ce, "Maigida, ara mini wannan, jibi zan dawo maka da shi." Da na ga huɗu sun tafi ba su dawo ba, sai na ware bayan littafin awo, wanda nake rubuta wuya da hannu da tsawon riga a cikinsa, na ce duk wanda ya ara ya sa sunansa, in ya dawo da shi kuma ya rubuta layi ɗaya ko biyu a kan abin da ya gani a ciki.

Don tsare kayana na yi haka, amma sai abin ya koya mini wani abu dabam. Mutane suka koma ba sa duba bangon littafi kafin su ara, bayan littafin awo suke dubawa. Littafin Shaihu Umar ya yi kusan shekara biyu a gindin akwatin babu mai taɓa shi, don siriri ne, bangonsa ya koɗe, kuma kowa na ganin ai littafin jarrabawa ne. Ran nan wani mai tuƙa adaidaita sahu ya ɗauka, ya dawo da shi bayan kwana uku, ya rubuta: "Da na gama sai da na kira mahaifiyata a waya." Iyakar abin da ya rubuta ke nan. Daga ranar zuwa yau littafin ya fita sau goma sha ɗaya.

Shi ne ma a hannuna yanzu, karo na uku. Na fara karanta shi ina aji biyu a sakandare, kuma a lokacin abin da ya dame ni shi ne in haddace sunayen garuruwa saboda tambayar malam. Yanzu da nake da 'ya'ya, uwar Umar ce ta tsaya mini a rai. An sace mata ɗa yana ƙarami, ta fita nema ita kaɗai, aka kama ta aka bautar, aka bi da ita ta hamada har Tarabulus, kuma da Allah Ya haɗa ta da ɗan nata, kwananta ya ƙare. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda marubucin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ba ya cewa ku duba irin wannan zalunci. Yana ba da labarin farautar bayi da cinikinsu kamar yadda dattijo zai ba ka labarin damina, sai kai mai karatu ka ji tsigar jikinka ta tashi. Kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa yana saurayi ɗan shekara ashirin da kaɗan, yana malamin makaranta a Bauchi, ya rubuta shi, don shiga gasar da wani Bature jami'in ilmi, Rupert East, ya shirya a 1933 daga nan Zariya. Gasar nan ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Yaran shagona sun san Tafawa Ɓalewa a jikin naira biyar, sun san shi ne Firayim Minista. Da na ce musu ya rubuta ƙagaggen labari, ɗaya daga cikinsu bai yarda ba sai da na nuna masa sunan a bango. Duk wanda ke cikin damuwa a kan halin da hanyoyinmu suke ciki a yau, na satar mutane da raba uwa da ɗa, ina ba shi shawara ya nemi littafin nan ya karanta a natse. A zama biyu zai gama.

Na biyu ba ni na zaɓo shi ba, maiɗakina ce. Shekara da shekaru ina jin ana cewa littattafan matan Kano soyayya ce kawai, ni ma na ɗauka haka, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ita ce ta ɗora mini Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a kan keke, ta ce, "Malam, karanta wannan, sannan mu yi magana." Na karanta, kuma maganar ta kai mu mako guda. Alhaji Abdu na cikin littafin ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, wato irin mutanen da nake hulɗa da su kullum. Na san irinsa sarai: a kasuwa hannunsa a sake, shayi da tsire ga abokai, a gida kuwa kuɗin cefane sai an yi kamar za a yi kuka. Ya ƙaro aure, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Wurin da muka saɓa da maiɗakina shi ne ƙarshen labarin, lokacin da gobara ta cinye masa shago, duniya ta juya masa baya, aka taru a kan Rabi ta koma. Ni na ce ai rufin asirin 'ya'ya ke nan. Ita kuwa ta ce in sake karantawa in ga ko an tambayi Rabi abin da take so. Na sake karantawa, na ga inda take nufi. Har yanzu ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba, amma na daina cewa littattafan nan soyayya ce kawai. A 1990 ya fito, daga baya Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Ka ga mutanen Indiya sun karanta, ni da nake kilomita ɗari da wani abu daga Kano sai da aka ɗora mini a kan keke. Ina roƙon magidanta 'yan'uwana su karanta shi, kuma su karanta tare da iyalinsu. 'Yata ta fari ta ce in na gama in bi da Wa Zai Auri Jahila? na ita Hajiya Balaraban, kuma shi ne na gaba a layi.

Akwai waɗanda ba sa zama a akwatin ko kwana biyu. Magana Jari Ce na ɗaya har ya gaji da ɗinki, sau biyu ina kama bayansa da zaren shadda. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina direbobi ne suka fi ɗauka, saboda maganar fasa-ƙwauri da cin hanci da ke ciki ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa ba na ba yaro ƙarami, akwai zubar da jini da yawa, amma samarin da ke cewa ba su ga abin karantawa a Hausa ba, shi nake fara miƙa musu, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo da shi a rabi ba.

Wanda nake jin takaicin yadda aka manta da shi shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. Labarin tafiyar da Abubakar Imam ya yi zuwa Ingila ne a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, tare da wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. A lokacin shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. Ya Edita, wannan ai littafin kakanku ne a sana'a. Mutum ne ya je ƙasar da ke mulkin tasa, ya buɗe ido ya duba komai, ya dawo ya bayyana wa manomi da maƙeri abin da ya gani da Hausar da za su gane, bai raina kansa ba, bai kuma raina masu karatunsa ba. Mutum biyu kacal suka taɓa ararsa a wurina, ɗayansu malamin firamare ne mai ritaya.

Ban manta da waƙa ba. Bayan sallar isha'i nakan ɗauko Imfiraji na Aliyu Namangi in rera baiti kaɗan a hankali. Mu mutanen Zariya mun tashi muna jin ta a bakin makafi masu bara kafin mu san cewa a rubuce take, kuma shi kansa mai waƙar makaho ne, ɗan ƙasar nan. Ita ba a karanta ta da ido kawai, sai an furta. Ran da na rera wani sashe a shago, wani dattijo da ya kawo gyaran babbar riga ya karɓe daga bakina ya ci gaba da ka, har ya kai inda shafina ya ƙare ya wuce.

To ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A garin nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, a nan aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, daga nan yawancin waɗannan littattafai suka fita suka bazu har Maraɗi da Damagaram da Kumasi. Amma watan jiya na shiga shagon littattafai uku ina neman Jiki Magayi don in maye wanda aka tafi da shi, ban samu ba. A shago na uku yaron da ke tsaro ya ce mini, "Baba, ai ba a tambaya, shi ya sa ba ma kawowa." Ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwa abin da ake nema yake sarowa. Ni ma in shekara ta zagayo ba wanda ya tambayi wani launin zare, ba na sake sayensa. Kuma ta yaya za a tambayi abin da ba a taɓa jin wani ya yaba ba?

Ba wai an daina karatu ba ne. 'Yar autata tana karanta labarai a waya fiye da yadda na karanta a takarda ina shekarunta, marubuta mata na sakin su babi-babi a WhatsApp, wasu kyauta wasu a biya. Na karɓi wayar na duba wasu. Akwai masu kyau ƙwarai, Hausa mai daɗi, labari mai kama zuciya, akwai kuma waɗanda ba zan so ta ƙarasa ba. Matsalar ita ce babu mai rarrabe mata. Haka gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata masu alƙalami da yawa, a ji sunansu a rediyo mako ɗaya, daga nan sai shiru, ba ka san wacce ta ci gaba ta fitar da littafi ba.

Roƙona shi ne ku ware mana ɗan fili a jaridarku, ko rabin shafi ne, kowane mako. Sharhin malaman jami'a yana da wurinsa, ina kuma girmama shi, amma wannan filin na masu karatu nake nufi: ma'aikaciyar jinya, mai shayi, ɗalibi, matar aure, soja a bakin daga. Kowa ya turo layi biyar ko goma ya ce ga littafin da ke hannuna, ga wanda ya rubuta, ga abin da ya yi mini, ga irin mutumin da nake ganin zai amfane shi, ga kuma inda na samo shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don sau da yawa mutum na son littafi bai san ƙofar da zai bi ba. A bar wanda littafi bai yi masa daɗi ba shi ma ya faɗa, muddin zai kawo dalili cikin ladabi. Sharaɗi ɗaya kawai zan so ku kafa: kada marubuci ya turo yabon littafinsa, kada kuma a karɓi kuɗin kowa don a saka nasa. In aka yi haka filin ya zama talla, mutane kuma suna gane talla tun daga nesa. Abin da ya sa layin mai adaidaita sahun nan ya fitar da littafi sau goma sha ɗaya shi ne kowa ya san ba shi da ko sisi a ciki.

In kun buɗe filin, ga tambayata ta farko ga 'yan'uwa masu karatu. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo da ke akwatina shafukansa na ƙarshe sun yage tun kafin ya zo hannuna, mutum bakwai sun karanta shi a haka, kowa ya dawo yana tambayata yadda aka ƙare. Duk wanda ya san inda ake samun cikakke, a Zariya ko Kano ko Kaduna, don Allah ya sanar ta hannun Edita. Zan aika da kuɗin littafin da na mota.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tela mai karatu,
Tudun Wada, Zariya.